Yadda Muka Kai wa Jan-wuya Kalangu

Tun da muka dawo daga Gana ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna wajen mai shayin bakin layin dogo, kafin a zuba mini madara wani ya jawo benci: "Malam Haruna, wai da gaske Baturen ya yi kuka?" In na fito daga masallaci, sai in tarar wani ya tsare mini takalmi yana jiran labari. Har matar maƙwabcina, Bayarabiya, ta aiko a tambaye ni ko gaskiya ne an ɗaure mu. Ba a ɗaure mu ba. Baturen ma bai yi kuka ba, ko da yake ya kusa. Na gaji da gyara labarin a bakin mutane, shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in sha shayina.

Saboda waɗanda ba 'yan Agege ba, bari in fara da Alhaji Bawa. Mahauci ne ɗan mahauci, yana cikin manyan kwata. Allah ya ba shi shanu, ya ba shi murya, ya kuma ba shi labari guda ɗaya tak, wanda ya shekara kusan ashirin yana ba mu. Wai yana saurayi, lokacin da yake kai nama kicin ɗin wani kulob na masu kuɗi a cikin Ikko, aka yi gasar wasan golf, Turawa suka zo daga ƙasashe. Cikinsu akwai wani ɗan Amirka, dogo, siriri, aljihu ba nauyi, wanda rana ta gasa wa ƙeya har Bawa ya laƙaba masa Jan-wuya. Sunansa na yanka na san shi, amma ba zan rubuta ba, don Amirkawa akwai son kotu. Kullum da yamma Bawa yana ba shi tsire kyauta. Ranar ƙarshe yaron na kan gaba, sai Bawa ya duba ya ga gwani zai ci gasa ba makaɗi ba maroƙi, kamar maraya. A wajen mahauta kuwa, ɗan dambe ba ya shiga fage sai kalangu ya kira shi. Bawa ya garzaya ya ɗauko Mamuda makaɗi, suka laɓe a bayan 'yan kallo, da Jan-wuya ya sunkuya zai yi bugun ƙarshe, aka saki kiɗa.

"Da jin kiɗan nan," in ji Alhaji, "ya yar da sanda, ya sheƙo a guje ya rungume ni ta wuya. Sai da ƙarti suka taru suka ɓamɓare shi daga jikina. Ban taɓa ganin ƙauna irin ta Bature ba."

Mun sha jin wannan, muna gyaɗa kai. Ni a lokacin abin da na sani game da golf shi ne wasan waɗanda suka ƙoshi ne.

To, da soja suka koma bariki, zaɓe ya zama yayi. Masu okada sun yi nasu, masu wankin mota sun yi, har kwamitin masallacin layinmu sai da aka buga wa fosta. Mahauta ma suka ce shugabancin ƙungiya ba gado ba ne. Alhaji Bawa ya tsaya, Alhaji Tanko dillalin fata ya tsaya. Tanko ba shi da murya, amma yana da ɗa mai karanta jarida. Wata rana Tanko ya shigo majalisar kwata ya ce, a gaban kowa, Jan-wuya zai yi wasan nuni a Ankara ta Gana mako mai zuwa.

"Ga amininka ya zo maƙwabta, Alhaji," in ji shi. "Je ka gaishe shi. In bai san ka ba, sai ka janye. Wanda ya shekara ashirin yana mana ƙarya a kan Bature, me zai yi mana a kan ƙungiya?"

Alhaji Bawa ya buga ƙirji ya amince. Aka nemi shaida mai jin Turanci wanda ba ya ɓangaren kowa. Ni tsohon malamin Turanci ne, namana kuma wajen wani Bayarabe nake saye a Ogba, saboda haka aka ɗora mini. Mamuda shi ne na ukunmu. Ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, amma hannunsa na nan yadda yake.

Na ba da shawarar mu hau jirgi. Alhaji ya ce jirgi na Makka ne. Muka hau danfo, wato bas ɗin haya, zuwa tashar Mayil Tu, daga nan aka cusa mu a wata mota da aka ƙera don mutum bakwai, direba ya yi mata gyaran lissafi. Mamuda ya rungume kalangunsa, Alhaji ya rungume katon, wato kwalin kilishi da ya sa aka yi wa amininsa na musamman, ni kuma na rungume gwiwoyina.

Tsakanin Mayil Tu da kan iyaka na daina ƙirga shingaye. Kowane shinge da kalar kakinsa, wasu ma ba kaki, katako ne mai ƙusa da murya mai kauri. Abin da ya haɗa su shi ne hanci. Ba wanda ya tambayi fasfo kafin ya tambayi katon. "Oga, me ke ciki?" Alhaji ya ce tsaraba ce ta babban baƙo. Sai a ce to, aikinsu ne su tabbatar ba guba. Ban taɓa ganin ma'aikata masu sadaukar da rai irin waɗannan ba; kowa so yake ya mutu a madadin Baturen.

A kan iyaka wani mai kaki ya ɗaga kalangu ya jujjuya, ya ce wannan kayan tarihi ne, doka ta hana a fita da shi. Na yi masa bayani da Turancin da na koyar shekara da shekaru, bai ko dube ni ba. Alhaji ya ce, "Mamuda, nuna masa da ransa." Mamuda ya saƙala a hammata ya fara. Mutumin ya tsaya da fuska a murtuke, sai kafaɗa ta ci amanarsa, daga nan ƙugu. Motoci suka yi layi a bayanmu suna ta oda, jami'in gwamnati na taka rawa da takardunmu a hannu. Da ya gama ya share gumi, ya ce ya tabbatar kayan aiki ne, ya yanki kilishi, muka wuce.

Kwatano, birnin farko bayan kan iyaka, garin babura ne. Masu haya duk da riga rawaya, suna zuba kamar fari. A bakin titi ga fetur a manyan kwalabe, namu ne na gida, ya riga mu ƙetarewa kuma ba wanda ya ɗanɗana shi a shinge. Faransancina na littafi ne, na gwada shi a kan wata mai abinci, ta kira 'yar'uwarta don ita ma ta ji. Wani mai shayi ɗan Maraɗi ne ya cece mu, ya ba mu burodi dogo mai tauri wanda Mamuda ya ce in an ba makiyayi ba zai nemi sanda ba. Alhaji kuwa kowace ƙasa da namanta yake auna ta. Ya leƙa teburin wani mahauci, ya dawo yana girgiza kai. "Malam, mutanen nan ba yanka suke yi ba, faɗa suke yi da saniya."

Ƙasar Togo ba ni da abin faɗa a kanta da yawa. Alhaji ya sa goro a baki a wannan iyaka, bai tofar ba muka iso waccan. Na dai ga teku a hagu, na ga shanu gajeru kamar an zaunar da su. A ƙofar Gana aka ce sai katin rigakafi. Mamuda ya ce shi an yi masa lamba tun zamanin Turawa, ya zare hannun riga ya nuna tabo. Tabon bai wadatar ba, kilishi ya cike giɓin. Da muka shiga mota Alhaji ya buɗe katon, abin da ya rage bai fi tafin hannu ba. Ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihun gaba, ya ce duk wanda ya ƙara tambaya sai dai ya yanka shi.

Dab da shiga Ankara Alhaji ya hangi wata saniya ta katako a bakin hanya, an yi mata fenti, ƙaho da tozo da komai. Ya sa direba ya tsaya, wai zai saya ya kafa a ƙofar shagonsa. Mai shagon ya buɗe bayanta ya nuna mana ciki an shimfiɗa farin yadi. Akwatin gawa ce. A can wasu mutanen ana binne su cikin siffar sana'arsu, masunci cikin kifi, direba cikin mota. Mutumin ya dubi Alhaji sama da ƙasa, ya ce za a iya ƙara faɗi. Alhaji ya juya ya koma mota da sauri.

Mun sauka a unguwar Nima, gidan wani dillalin shanu da ya san Alhaji. Mutanen kirki ne, Hausarsu kuma ta daina bambanta mace da namiji. Mai gidan ya ce mana matarsa ya tafi kasuwa, na danne malamin da ke cikina da ƙyar. Aka kawo mana kenke, wato tuwon masara mai tsami naɗe a bawo, da soyayyen kifi da wani baƙin yaji. Alhaji ya gutsura, ya tauna a hankali, ya ce, "Wannan na jiya ne ko na shekaranjiya?" Mai gida ya ce na yau ne, haka ake son sa. Alhaji ya ce Allah ya ƙara haƙuri. Abin da ya fi ba ni mamaki a garin shi ne layi. Mutane su tsaya ɗaya bayan ɗaya suna jiran mota, ba mai shiga ta taga. Na tsaya ina kallo kamar ɗan ƙauye, ina tunanin me aka yi musu.

Washegari muka yi wanka, Alhaji ya zuba babbar riga mai aiki har gwiwa, muka nufi filin. A raina ina cewa masu gadi za su hana kalangu shiga. Mai gadin ya dube mu, ya ga riga, ya ga ganga, ya ce, "A'a, masu wasan gargajiya na rabon kyauta? Kun yi sammako." Ya buɗe mana ƙofar kicin har da sara mana.

Filin nan, in aka saki shanun Agege duka a ciki, sai su yi wata suna ci. Ciyawa kore shar, ana ba ta ruwa, ana yi mata aski, ba a bar ko akuya ta shiga ba. Alhaji ya durƙusa ya shafa, ya ce, "Wannan zalunci ne." Wasan kuwa ga yadda yake: mutum ya bugi 'yar ƙwallo da ba ta kai ƙwan kaza ba, ya bi ta da ƙafa, wani na ɗauke masa jakar sanduna, ya sake bugu har ta faɗa rami. Wanda ya fi kowa ƙarancin bugu shi ya ci. Wato wasa ne da ake ba da kyauta ga wanda ya fi kowa ƙarancin aiki, shi ya sa manyanmu suka karɓe shi hannu biyu. Na ga 'yan gida da yawa a wurin. Wasu bara waccan suna cikin kaki, wasu bara suna roƙon ƙuri'a, yau duk sun haɗu cikin gajeren wando, ƙafafu kamar na tebur.

Mai sanarwa ya gabatar da Jan-wuya. An haife shi a wani ƙaramin garin manoma, ubansa ya yanke masa tsohuwar sanda tun yana ƙarami, ya yi fice a jami'a, ya yi wasa a nahiyoyi da dama, kowa na yabon halinsa. Na kasa kunne ban ji an ambaci kofi ko ɗaya ba. Na rubuta wa daƙiƙan ɗalibai takardar shaida da yawa a rayuwata, na san ma'anar "yana da ƙoƙari". Wani kamfanin lemo ne ya kawo shi ya kara da gwanin ƙasar. Da ya fito sai ga dattijo mai tumbi da furfura. Wuyan dai na nan ja.

"Shi ne!" in ji Alhaji. Mutum goma suka juyo suka harare mu.

Nan na fara lura. Duk lokacin da ɗan wasa ya sunkuya, sai wasu ma'aikata su ɗaga hannu, fili ya yi tsit. Ba tafi, ba magana, ba motsi. Wani bawan Allah ya yi tari, aka dube shi kamar ya yi sata a masallaci, ya bar wurin da kansa. Wata mata jakarta ta yi ƙara, mijinta ya matsa gefe kamar bai san ta ba. Na tsaya ina kallon wannan shiru, sai labarin Alhaji ya dawo mini daga farko, na sake karanta shi a hankali kamar takardar jarrabawa. Ya yar da sanda. Ya sheƙo a guje. Ta wuya. Ƙarti suka ɓamɓare shi.

Na ja hannun rigar Alhaji. "Alhaji, wasan nan ba a kiɗa. Shirun nan doka ne."

"Shirun rashin makaɗi ne," in ji shi. "Wa suke da shi?"

"Alhaji, ina ganin ba rungumar ka ya yi ba."

"Kana wurin?"

Na koma kan Mamuda na ce masa kada ya kuskura. Ya yi murmushi ya ce shi ma ya ƙagu.

Haka muka bi su rami bayan rami cikin rana, ni ina addu'ar a yi ruwa. Ba laifi, mutumin ya iya. In ya yi bugun nesa, ƙwallon sai ta tafi kamar an aike ta. Amma duk lokacin da ta rage kusa da rami, sai in ga ya daɗe a sunkuye. Suka iso ramin ƙarshe kunnen doki. Gwanin Gana ya buga ya kuskure. Ta Jan-wuya na nan kusa, nisanta bai fi kamu uku ba. In ta shiga ya ci. Ma'aikata suka ɗaga hannu. Ana jin kukan tsuntsu daga wata unguwa.

Alhaji ya dafa kafaɗar Mamuda.

Wanda bai taɓa jin kalangu a cikin shiru irin wannan ba, bai san kalangu ba. Wani Honarabul ya zubar da lemonsa. Mamuda ya buɗe maƙogwaro: "Jan-wuya na Bawa! Mai sanduna cike da jaka, ba saniya ko ɗaya! Dogo ɗan Amirka, rami na jiran ka!"

Ramin ya ci gaba da jira. Ƙwallon ta wuce shi ta gangara can ƙasa. Jan-wuya ko kallon ta bai yi ba. Ya miƙe a hankali, ya juyo, ya bi 'yan kallo da ido har ya sauka kan babbar riga. Jan nan ya tashi daga wuya ya cika fuska. Ya tako, mutane suna darewa, ya tsaya gaban Alhaji.

"Bawa," in ji shi.

Alhaji ya juyo gare ni, fuska kamar an yi masa albishir da Aljanna. "Malam, ka shaida?"

"Na shaida."

Masu gadi suka iso za su yi waje da mu, Baturen ya ɗaga musu hannu. Ya kai mu gindin wata bishiya, ya tambaya wane ne mai jin Turanci, ya ce in fassara kome da kome, kada in rage. Ban rage ba.

Ya ce waccan shekarar ya zo Afirka ne don bai sami shiga manyan gasannin ƙasarsu ba, kuɗin jirgi ma surukinsa ne ya biya. Da ya ci gasar Ikko, da ƙofofi sun buɗe masa. Bugu ɗaya ya rage, ɗan gajere, irin wanda yake yi ido rufe. Tun daga ranar nan, duk lokacin da ya sunkuya kan gajeren bugu sai ya ji yana jiran ganga. Ya ga likitoci, ya canza sanduna, ya canza riƙo. Ya shekara goma yana yawon ƙananan gasanni yana kwana a mota. Matarsa ta gaji ta tafi. Yanzu matan attajirai yake koya wa riƙon sanda, in an sami kamfani mai tausayi a kawo shi irin wannan wuri. Ya ce 'ya'yansa sun san sunan Bawa. Likitansa ma ya san shi.

Alhaji ya saurara har ƙarshe. Murmushin ya tafi. Ya ce, "Tambaye shi, nisan bugun nawa ne?"

Baturen ya nuna daga ƙafarsa zuwa takalmin Alhaji.

"Wannan? Malam, ni ina yanka bijimi ana kiɗa, ana faɗa, jirgin ƙasa na wucewa, wuƙata ba ta taɓa kaucewa ba. Gaya masa."

Na gaya masa. Ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. Sannan ya ce tambaya ɗaya ya shekara ashirin yana son yi. Me ya yi wa Bawa? Wa ya biya shi?

Ban taɓa ganin an soki Alhaji irin wannan ba. Da ya yi magana, muryar kwata ba ta fito ba.

"Biya? Na ga kowa da mutanensa, kai ba ka da kowa. Shi ke nan."

Na fassara. Baturen ya gyaɗa kai. Ya ce gaskiya ne, a makon nan ba wanda ya tambaye shi ko ya ci abinci sai Bawa. Ya ce kuma tun da yake wasa, ba wanda ya taɓa ƙetare ƙasa uku don ya kalle shi, har matarsa. Alhaji ya zaro hankicin nan ya miƙa masa. Ya buɗe, ya shinshina, ya gutsura, idonsa ya kawo ruwa; masu cewa ya yi kuka, yaji ne. Sannan ya ce in gaya wa Bawa bai yafe ba, kuma in ya sake jin gangar nan a kowace nahiya, 'yan sanda zai kira. Ya sa sauran kilishin a aljihu ya tafi karɓar kyautar na biyu, cikin mutum biyu.

Mamuda ya tambaya me Baturen ya ce. Alhaji ya ce, "Ya yaba."

Dawowa ba mu sha wahalar shingaye ba, don ba abin ɗanɗanawa. Alhaji bai kushe naman kowa ba. Sai da muka wuce Badagiri ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malam, me za ka faɗa musu?"

"Abin da na gani."

"Duka?"

"Duka aka aike ni."

Ya ce to. Bai roƙe ni ba, ni ma ban yi masa tayi ba.

Ranar da aka taru a kwata, har masu wankin tumbi sun bar aiki. Na tsaya na faɗi kome, tun daga kiran suna har zuwa 'yan sanda. Ban kai ƙarshe ba Tanko ya yi tsalle.

"Kun ji! Ashe shaƙe shi ya yi! Shekara ashirin muna jin runguma, ashe kisa aka hana! Wannan ne aminin?"

Aka fashe da dariya, wasu har da riƙe ciki. Alhaji Bawa na zaune, ya kafa ido a ƙasa. Na ce a raina ta ƙare masa, kuma da bakina.

Sai Baba Ɗanladi ya buga sandarsa. Shi ne mafi tsufa a kwata, ya daina yanka, sai gyara wa mutane zance. Ya ce, "Malam, tsaya. Ka ce ya kira sunansa?"

"Ya kira, Baba."

"Ba a tuna masa ba?"

"Ko kaɗan."

"Bayan shekara ashirin. Har 'ya'yansa." Ya juya ga jama'a. "Famfon kwatar nan yaushe rabonsa da ruwa? Honarabul ɗin da muka yi wa layi cikin rana, ya ci tsirenmu, ya yi mana alkawari, sau nawa muka aika masa wakilai? Kai Tanko, kai ka ja su zuwan ƙarshe. Da ka shiga me ya ce maka?"

Tanko ya hau gyaran hula. Wani daga baya ya taimaka masa: "Cewa ya yi, daga ina?"

"To," in ji Baba. "Ni aminin Bature bai dame ni ba. Wanda nake nema shi ne wanda in ya je wuri sau ɗaya, ba a sake barci."

Aka kaɗa ƙuri'a ranar Asabar. Ba zan faɗi adadi ba don Tanko maƙwabcina ne, muna haɗuwa a masallaci.

Litinin da safe sabon shugaba, Alhaji Bawa, ya zuba babbar rigarsa, ya tafi ofishin Honarabul da Mamuda a bayansa. Sakatare ya ce oga na cikin taro, ba a son hayaniya. Waɗanda suka raka su sun ce ba a kai baiti na biyu ba ƙofa ta buɗe.

Ruwan bai zo ba tukuna. Amma shekaranjiya Honarabul ya aiko direbansa kwata, ya gaida Alhaji Bawa da suna, ya tambaya cikin ladabi wace rana zai sake zuwa, don oga yana so ya tsara tafiye-tafiyensa.